Yadda ake difens ɗin furojet ba tare da an kwance maka zani a kasuwa ba

Duk shekara in zangon ƙarshe ya kama sai ka ga 'yan ajin ƙarshe a jami'o'i da kwalejoji sun rame, ba barci ba cin kirki, kowa na zarya tsakanin shagon buga takardu da ofishin sufabaiza, malamin da ke duba musu aikin. Kuma in ka bincika ba rubutun furojet ɗin, wato kundin binciken kammala karatu, ne yake ɗaga musu hankali ba, rubutu dai ko ta yaya an gama shi, tsayuwar nan ce ta 'yan mintuna a gaban malamai. Abin da zan faɗa a nan na masu difens ne, wato kare furojet a gaban malamai, amma mai gabatar da semina ko wanda oga ya ce ya yi bayanin rahoto a wurin aiki ko wadda za ta nemi tallafi a gaban masu ba da kuɗi duk zai yi musu amfani. Zan riƙa cewa "ka" don sauƙin rubutu, 'yan uwa mata da ku ake.

Abu ɗaya nake so ka riƙe tun daga nan: malaman da ke zaune a gabanka ba karatu suka zo ji ba, kundin yana hannunsu kuma sun fi ka iya karatu. Abin da suke son tabbatarwa shi ne, aikin nan kai ka yi shi, kuma ka fahimci abin da ka yi? Duk shirin da za ka yi ka ɗora shi a kan amsa wannan.

Mataki na farko: ka san filin kafin ka shiga

Kafin ka buɗe kwamfuta ka je wurin kodinetan furojet ko shugaban aji ka tambayi minti nawa ake ba kowa. A digiri na farko yawanci tsakanin minti 10 ne zuwa 15, wani sashen ma biyar za a ba ka saboda yawan ɗalibai, masu digiri na biyu da na uku su ne ake ja musu lokaci. Ka tambaya da majigi ake yi ko tsayuwa kawai za ka yi da kundinka a hannu, kwafi nawa za ka kawo, a wane ɗaki za a yi. Sannan ka nemi waɗanda suka yi bara, su ne za su gaya maka wane malami ne ba ya ɗaga ƙafa a kan lissafi, wacce malama ce take fara buɗe shafin manazarta tun kafin ka ce uffan. Wannan ba gulma ba ce, shiri ne. Eksitana kuwa, wato malamin da ke zuwa tantance aikin, daga wata makarantar ake gayyato shi, bai san ka ba bai san wahalar da ka sha ba, abin da ya gani a takarda da abin da ya ji daga bakinka kawai zai auna.

Mataki na biyu: matse aikin ya koma jimla ɗaya

Nan ne yawancin mutane suke tsallakewa, kuma nan ne aikin yake. Ka rufe kundin, ka ɗauki biro ka rubuta a layi biyu abin da ka gano. Ba taken furojet ba fa, abin da ka gano. A ce bincikenka a kan dalilin da yake sa 'yan mata barin makaranta ne a wata ƙaramar hukuma, to "na yi nazari a kan matsalolin ilimin 'ya'ya mata" ba sakamako ba ne, take ne. Sakamako shi ne ka ce "na gano cewa nisan makaranta da kuɗin mota sun fi auren wuri korar yaran daga aji a garuruwan da na duba". Ka ga wannan magana ce da mutum zai iya yarda ko ya musa, kuma ita ce za ta sa malami ya ɗago kai daga wayarsa.

In ka zauna ka kasa fitar da wannan jimlar, to kar ma ka fara haɗa silaid, wato shafukan da za ka haska a allo, koma babi na huɗu inda sakamakon yake ka sake karantawa har sai ta fito. In ta fito ka gwada ta a kan wanda bai san fannin ba, ƙanwarka ko mai shagon layinku, da Hausa zalla. In ya gane har ya yi maka tambaya to ka kama hanya.

Mataki na uku: raba mintunan

A ce minti 10 gare ka. Ni dai ga yadda nake ganin ya fi: minti ɗaya gaisuwa da matsalar da ta sa ka yi binciken, minti ɗaya manufofi da tambayoyin bincike, minti ɗaya kacal bitar ayyukan da suka gabata, minti biyu hanyar da ka bi, minti huɗu sakamako, ɗayan da ya rage kammalawa da shawarwari. Abin da aka saba gani shi ne ɗalibi ya ɓata minti bakwai yana ba da tarihin abin da kowa ya sani a babi na ɗaya da na biyu, yana shiga sakamako sai a buga tebur a ce saura minti ɗaya, sai ka ga yana ta danna silaid a guje yana haki, alhali wurin da guminsa yake kenan. Babi na biyu maganar wasu ce, ka faɗi mutum biyu ko uku da suka fi kusa da aikinka da giɓin da suka bari, ka wuce.

Kuma ka lissafa, mai magana a natse da Turanci kalma 120 zuwa 150 yake yi a minti, wato minti 10 bai fi kalma 1,500 ba. Kundin da ya kai shafi 60 ba zai shiga nan ba ko ka yi ta maza, dole ka zubar da abubuwa da yawa, har da waɗanda kake ji da su.

Mataki na huɗu: silaid

Akwai wata ƙa'ida da Guy Kawasaki, wanda ya taɓa aiki da kamfanin Apple, ya yaɗa ga masu neman jari: silaid 10, minti 20, girman rubutu kar ya gaza 30. Ba wahayi ba ne, amma tana da hikima, musamman ta ukun, don in ka sa rubutu a 30 dole ka rage surutu tunda wurin ba zai ɗauka ba. In abin ya matse ka sauko 24, ƙasa da haka na bayan ɗaki ba ya gani, kuma ka tuna wasu daga cikin malaman nan da tabarau suke karatu.

Kar ka kwafo sakin layi daga kundi ka liƙa. Da zarar ka cika allo da rubutu mutane za su bar sauraronka su koma karatu, su gama kafin ka kai rabi, sannan su zauna suna jiran ka. Kowane silaid magana ɗaya, layi uku zuwa biyar gajeru. A wurin sakamako, maimakon ka ɗauko jadawalin SPSS, manhajar nan ta lissafin bayanai, ɗungurungum da lambobi cunkushe, ka mai da shi zanen sanduna ko ka bar layukan da za ka yi magana a kansu kawai, kuma kan silaid ɗin ya faɗi sakamakon da kansa. Maimakon "Jadawali na 4.3" ka rubuta abin da jadawalin ya nuna.

Batun kala: ɗakunan karatunmu da rana ake amfani da su, tagogi a buɗe ba labule, majigin kuma sau da yawa ya tsufa haskensa ya yi rauni. Baƙin rubutu a kan fari shi ne ba ya ba da kunya. Ja a kan shuɗi ko rawaya a kan fari a laftof ɗinka ne kawai suke da kyau. Rubutun nan mai shigowa yana juyi yana tsalle kuwa ka cire shi gaba ɗaya, ba bikin suna aka zo ba. Ka sa lamba a kowane silaid, zan faɗi amfaninta a gaba. Na farko ya ƙunshi take da sunanka da lambar rajista da sunan sufabaiza, kuma don Allah ka duba yadda ake rubuta sunansa da muƙaminsa, kar ka mai da Farfesa Dakta.

Bayan silaid na ƙarshe ka ajiye wasu uku ko huɗu na ko-ta-kwana waɗanda ba za ka nuna ba sai an tambaya: lissafin yawan mutanen da ka ɗauka, takardar tambayoyin, cikakken jadawali.

Mataki na biyar: kayan aiki

In ka gama a PowerPoint ko Google Slides ko Canva ko WPS, ka sake ajiye shi a PDF, don shi ba ya wargajewa in aka buɗe a wata kwamfutar. 'Yan sashen Hausa wannan ku ya fi shafa, haruffan nan masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, sukan koma akwati-akwati in kwamfutar ba ta da salon rubutun da kuka yi amfani da shi. Ka sa a filash, ka tura wa kanka ta imel, ka tura ta WhatsApp ma. Filash ɗin da ya sha yawo a shagunan buga takardu ka duba shi da kyau, ba a rasa su da bairos.

Ka leƙa ɗakin kwana ɗaya kafin ranar ka ga bakin wayar majigin. Tsofaffi VGA suke amfani da shi, mai shuɗin kai ɗin nan da ƙusoshi biyu, sababbin laftof kuma HDMI gare su wasu ma USB-C kawai, in bai dace ba sai ka nemi adafta tun da wuri. In ka jona hoto bai fito ba ka danna maɓallin Windows tare da P ka zaɓi Duplicate. A PowerPoint F5 yana farawa daga farko, Shift da F5 daga inda kake, harafin B yana mai da allo baƙi in kana so a dube ka a bar kallon allo, ka sake dannawa ya dawo. In malami ya ce koma silaid na bakwai, ka danna 7 sannan Enter, nan take za ka je ba sai ka yi ta baya-baya kana nema ba.

Sai maganar wuta. Ka ɗauka za a ɗauke, kuma janareta zai ƙi tashi. Laftof a cike da caji, silaid ɗin a buge a takarda, shida a shafi ɗaya, kwafi daidai yawan malaman. In allo ya mutu ka miƙa musu ka ci gaba daga inda ka tsaya, wallahi wannan kaɗai yana ɗaga darajar ɗalibi a idon fanel, wato malaman da ke sauraron sa.

Mataki na shida: gwaji, a tsaye kuma da murya

Karantawa a zuci kana kwance a katifa ba gwaji ba ne. Ka miƙe tsaye, ka kunna agogon waya, ka yi maganar da ƙarfi daga farko har ƙarshe. Karon farko za ka zarce lokaci, ka rage. Ka jingina wayar ka ɗauki kanka a bidiyo, kallon ba daɗi na sani, amma nan za ka ga kana rangaji ko kana sosa ƙeya ko kana cewa "ehm" bayan kowace kalma. Daga nan ka tara abokai biyu ko uku su zama fanel, ka ce kar su tausaya maka. Ka riƙa gamawa da saura minti ɗaya a hannu, don ranar abin yakan fi ja.

Kar ka haddace duka. Wanda ya yi hadda in aka katse shi da tambaya ɗaya shikenan zaren ya tsinke, sai ka ga yana komawa farkon jimla yana neman inda ya tsaya. Jimloli uku na buɗewa da biyu na rufewa su za ka riƙe daram, tsakiyar kuwa ka san ma'anar, kalmomin za su zo. Ƙaramin kati mai kanun magana a hannu ba laifi. Kalmomin Turanci masu wuyar faɗa da sunayen marubutan da ka ambata ka koyi furucinsu tun a gida.

Mataki na bakwai: ranar

Ka ci wani abu mara nauyi, ka zo da wuri, ka zaga bayi kafin a fara, waya a kashe. Kaya masu tsabta da guga, in sashenku na da ƙa'idar shiga ka bi ta. Faɗuwar gaba kuwa kowa yana yi har malaman da ke gabanka sun yi a nasu lokacin. Kafin a kira ka ka ja numfashi a hankali ta hanci ka sake shi a hankali sau huɗu ko biyar, ka kurɓi ruwa. Da yawa suna karanta addu'ar Annabi Musa da ke cikin Suratu Ɗaha, aya ta 25 zuwa 28, inda ya roƙi a buɗa masa ƙirji a warware masa ƙullin harshe, kowa dai ya yi addu'a gwargwadon imaninsa.

Gaisuwa a taƙaice: shugaban fanel, eksitana, sauran malamai, 'yan uwa ɗalibai, sunanka, takenka. Kar ka tsaya jero muƙamin kowa ɗaya bayan ɗaya kana cinye mintunanka.

Yanzu ga inda tarbiyyarmu take ɗan ba mu matsala. An koya mana ba a haɗa ido da babba, ana sunkuyar da kai a sassauta murya, kuma abu ne mai kyau a zaure ko a gaban iyaye. Amma a ɗakin difens in ka sunkuya kana magana ƙasa-ƙasa, abin da eksitana zai karanta shi ne ba ka san aikin ba ko kana ɓoye wani abu. Ba cewa aka yi ka zare wa Farfesa ido ba, ka dube shi na ɗan lokaci har ka gama jimla, ka koma kan wani, ka waiwayi na gefe. In idon ya yi maka nauyi ka kalli goshi ko saitin hula, ba mai ganewa. Murya kuma ka yi da na kujerar ƙarshe kake magana. 'Yan uwa mata wannan ya fi kama ku, sau da yawa aikin ɗaliba ya fi na kowa kyau amma sai an yi ta ce mata ɗaga murya, har ta rikice. Ladabi yana cikin kalmomin da kika zaɓa, ba cikin ƙanƙantar murya ba.

Ka tsaya a gefen allo kana fuskantar mutane, kar ka ba su ƙeya kana karanto musu. In za ka nuna wani abu ka juya ka nuna ka dawo. Hannu ya fita daga aljihu, kar ka riƙa wasa da biro ko mukulli. In ka zo kan babban sakamakonka ka rage gudu, ka faɗe shi, ka yi shiru na daƙiƙa biyu kafin ka wuce. In ka yi tuntuɓen harshe ka gyara ka ci gaba, ba sai ka yi ta ba da haƙuri ba. Kuma kar ka buɗe da cewa ba ka shirya sosai ba ko ba ka da lafiya, ka ba su sanda ne da hannunka.

Mataki na takwas: tambayoyi, inda ake raba maki

Yawancin tambayoyi daga babi na uku, babin hanyar da ka bi, suke fitowa don nan ake kama wanda aka rubuta wa. Me ya sa ka zaɓi wannan wurin? Mutum nawa ne gaba ɗaya, kuma ta yaya ka kai ga adadin da ka ɗauka? In ka rubuta cewa da dabarar Taro Yamane ta 1967 ka yi, to ka iya buga lissafin a allo: mutum 1,000 da kuskuren kashi 5 cikin ɗari yana ba da 286. In jadawalin Krejcie da Morgan na 1970 ka bi, shi 278 zai ba ka a kan mutum 1,000 ɗin, ka san wanne ka ɗauka kar ka ambaci wannan alhali lambar wancan ce a kundinka. Takardun tambaya nawa ka raba nawa suka dawo? In ka sa Cronbach alpha, ma'aunin nan na takardar tambayoyi, za a tambaye ka me yake aunawa da dalilin da ya sa ake son ya kai 0.7. In ka ce lambar gwajin sakamako da ake kira p-value ta yi ƙasa da 0.05 a tambaye ka to sai me, ka iya faɗa da bakinka ba da yaren kwamfuta ba. Sai tambayar da ba ta wuce kowa: mene ne sabon abin da aikinka ya ƙara? Jimlar nan taka ta mataki na biyu ita ce amsar. Ka kuma duba manufofinka, in huɗu ka lissafa a babi na ɗaya to a ga amsa huɗu a na huɗu da na biyar, malamai suna ƙirgawa.

Ka bari mai tambaya ya kai aya, ko da ka gane inda ya dosa. In tambayoyi uku ya jero ka rubuta su ka bi ɗaya-ɗaya. In ba ka gane ba ka ce Malam a ɗan maimaita min, ba abin kunya ba ne. Ka ba da amsa gajeriya ka yi shiru, don yawan bayani shi yake buɗe ƙofar wata tambayar.

Ka iya bambance tambaya da gyara. In malama ta ce tsarin manazartarka ba daidai ba ne, ba amsa take nema ba, ka ce na gode Malama za a gyara. In kuwa kana da hujja a kan abin da aka soka, ka kare shi cikin ladabi, ka ce Ranka ya daɗe abin da ya sa na bi wannan hanyar shi ne kaza, yana shafi na kaza. Ai ma'anar difens ɗin kenan, kariya, wanda ya amsa laifi a kan komai ma ana zarginsa. Abin da ba ka sani ba ka ce binciken bai kai nan ba amma za ka duba, ya fi ka ƙirƙiro amsa a gaban wanda ya shekara ashirin yana koyar da abin. Abubuwa biyu kar su fito daga bakinka: "sufabaiza ne ya ce in yi haka" da "haka na gani a intanet". Kuma kar ka riƙa waiwayen sufabaizan kana neman ceto da ido, a wasu wuraren ma ba a ba shi damar magana sai an gama. In malamai biyu suka kaure da musu a kan aikinka, yana faruwa sosai, kai dai ka yi shiru har su gama.

In furojet ɗin na rukuni ne kowa ya san aikin duka, don da gangan ake tsallake mai bakin a tambayi wanda ya laɓe a baya.

Ka roƙi aboki ɗaya ya zauna da takarda ya rubuta duk gyaran da aka faɗa da sunan malamin da ya faɗa, kai a lokacin rabi ba zai zauna maka ba. Kafin ka bar wurin ka karɓi kwafin da malamai suka yi wa jan biro, ka zauna da sufabaiza a cikin satin ku tace wanda za a yi, ka gyara, ka kai a duba a sa hannu, sannan ka kai a ɗinke da bango mai kalar da sashenku ya ce.